Tsagewar Dabbahu ta 2005: Yadda Zafin Cikin Ƙasa Ke Yage Yankin Larabawa Daga Afirka

Tsakanin 14 ga Satumba da 4 ga Oktoba, 2005, na'urorin auna girgizar ƙasa sun kama girgiza 163 masu ƙarfin da ya haura maki 3.9, dukkansu daga wuri ɗaya a hamadar Afar da ke arewa maso gabashin Habasha, kusa da wani dutse mai aman wuta da ake kira Dabbahu. Babu ko ɗaya da ta kai maki 6. A ranar 26 ga Satumba ƙasa ta buɗe baki a Da'Ure, gefen dutsen ta gabas, rami mai tsawon kusan mita 500 ya yi ta fesa farar toka har ta rufe sararin sama. Makiyayan Afar suka kwashe iyalansu suka bar wurin, wasu awaki da raƙuma suka zurma cikin tsagogin da babu su jiya. Masana daga Jami'ar Adis Ababa da suka isa wurin a jirgi mai saukar ungulu, ciki har da Dereje Ayalew, sun ga ƙasa tana tsagewa a gabansu.

Abin da ido ya gani ɗan kaɗan ne. Da aka haɗa hotunan tauraron ɗan adam na kafin lamarin da na bayansa, sai ta bayyana cewa a ƙarƙashin ƙasa an cusa wata katanga ta narkakken dutse mai tsawon kilomita 60, tana tsaye daga zurfin kilomita 2 zuwa 9, kaurinta a wasu wurare har mita 8. Gefen gabas da na yamma sun rabu da juna cikin 'yan makonni, mafi yawan rabuwar ma cikin 'yan kwanaki. A wannan wuri, farantin ƙasar Larabawa, wato makeken ɓangaren ɓawon duniya da yankin yake zaune a kai, yana nisantar na Afirka da kimanin santimita 1.6 a shekara. Raba mita 8 da wannan adadi, za ka sami shekara 500. Aikin shekara 500 ke nan aka yi a lokaci guda.

Mun zaɓi wannan lamari ne saboda irinsa yawanci a ƙasan teku yake faruwa, ƙarƙashin ruwa mai zurfin kilomita biyu zuwa uku, inda ba mai gani. Afar da Aislan ne manyan wuraren da ake iya tsayawa a kan busasshiyar ƙasa a auna shi. Kuma duk wanda ya bi diddigin Dabbahu daga tushe zai gane cewa bayanin da aka saba yi wa ɗalibai, wai nahiyoyi suna iyo a kan tekun narkakken dutse yana jan su, ba haka abin yake ba.

Inda zafin yake fitowa

Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne. A sama akwai ɓawo, mai kaurin kilomita 30 zuwa 45 a yawancin nahiyoyi, kilomita 7 kacal a ƙasan teku. Ƙarƙashinsa akwai tsokar duniya, wadda ta miƙa har zurfin kilomita 2,890. Daga nan sai ƙwallon tsakiya na ƙarfe, wajensa narkakke, cikinsa daskararre, zafinsa ya haura digiri 5,000.

Zafin da ke fita daga cikin duniya gaba ɗaya ya kai kimanin terawat 47, wato wat tiriliyan 47. Adadin yana da girma a baki, amma idan aka baza shi a kan faɗin duniya sai ya koma kusan miliwat 90 a kowace murabba'in mita. Tsakar gida mai murabba'in mita 100 za ta ba da wat 9, abin da ƙaramin ƙwan lantarki ke ci. Da wannan ɗan ƙarfi ake tafiyar da nahiyoyi, domin ba ya yankewa ko daƙiƙa ɗaya tun shekara biliyan 4.5.

Tushensa biyu ne. Kusan rabi ragowar zafin haihuwar duniya ne, na lokacin da duwatsun sararin samaniya suka yi ta karo suna haɗewa, ƙarfe kuma ya nutse zuwa tsakiya. Sauran yana fitowa daga ruɓewar sinadarai masu fitar da tururin nukiliya da ke warwatse cikin duwatsu: yuraniyom, toriyom da wani nau'in fotasiyom mai lamba 40. Yuraniyom mai lamba 238 yana ɗaukar shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya ruɓe, toriyom biliyan 14, fotasiyom ɗin biliyan 1.25. Murhu ne mai cin itace a hankali ƙwarai.

Matsalar ita ce dutse ba ya wuce da zafi da sauri. Idan da ta hanyar ratsawa kawai zafi zai fita, kamar yadda yake bin jikin ludayin ƙarfe, to a duk tsawon rayuwar duniya da bai ratsa fiye da kilomita ɗari huɗu ba. Tsokar kuwa ta kusa kilomita 2,900. Saboda haka dole dutsen da kansa ya tashi ya ɗauki zafin ya kai sama. Arthur Holmes, masanin duwatsu ɗan Ingila, shi ya kawo wannan tunani a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da ake yi wa masani ɗan Jamus Alfred Wegener dariya kan cewa nahiyoyi suna tafiya, saboda ya kasa nuna abin da ke tura su.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata hanya. Tsokar duniya daskararren dutse ce. Shaidar kuwa ita ce akwai nau'in igiyar girgizar ƙasa da ba ta iya ratsa ruwa, kuma tana ratsa tsokar daga sama har ƙasa, sai a bakin ƙwallon tsakiya take tsayawa. Amma daskararren abu mai zafi, idan aka matsa masa na tsawon lokaci, yana malala. Dunƙulen kwalta misali ne mai kyau: ka buge shi da guduma ya tarwatse kamar gilashi, ka bar shi a rana makonni ka dawo ka tarar ya baje. Haka tsokar take malala, santimita kaɗan a shekara. An ma auna taurinta: ƙasar Suwidin da Finlan tana tasowa da kusan milimita 9 a shekara a wasu wurare, tun bayan da ƙanƙarar da ta danne ta ta narke shekara dubu goma da suka wuce, kuma saurin tasowar ne ke nuna yadda tsokar ke komawa gurbinta.

Bambancin nauyin da ke haddasa wannan motsi ƙarami ne. Dutsen da ya fi na kewayensa zafi da digiri 200 zuwa 300, sauƙinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sai dai idan girman dunƙulen ya kai ɗaruruwan kilomita, wannan ɗan bambanci ya isa ya ɗaga shi.

Abin da ke jan faranti

Faranti shi ne ɓawo haɗe da sashen saman tsoka da ya huce ya yi tauri, kaurinsa kusan kilomita 100 a tsohon ƙasan teku, ya fi haka a ƙarƙashin tsofaffin nahiyoyi. Ba wani abu ba ne daban da aka ɗora a kan tsoka. Fatar samanta ce da ta sha iska, kamar yadda kunu ke yin fata idan ya fara hucewa.

Ana haifar sabon ƙasan teku da zafi a tsakiyar teku, inda yake tudu mai zurfin kilomita 2.5 daga saman ruwa. Yana nisa yana hucewa, yana ƙara kauri da nauyi, har ya sauka zuwa zurfin kilomita 5.5 ko 6. Wannan gangara tana sa farantin ya riƙa zamewa daga tudun, ƙarfi na farko ke nan. Na biyu ya fi shi nesa ba kusa ba: idan farantin ya tsufa ya fi tsokar da ke ƙarƙashinsa nauyi, bakinsa sai ya lanƙwashe ya nutse, ya riƙa jan sauran jikinsa a baya, kamar yadda guga cike da ruwa ke fizgar igiya idan ta kuɓuce a bakin rijiya. A 1975 masana biyu, Donald Forsyth da Seiya Uyeda, suka jera farantai bisa saurinsu, suka ga waɗanda ke da baki mai nutsewa, irin na tekun Fasifik, suna tafiyar santimita 7 zuwa 10 a shekara, waɗanda ba su da shi kuwa, irin na Afirka, da ƙyar suke wuce 2.

To ina aikin zafi? Shi ke samar da bambancin nauyi, nan sauƙi can nauyi. Ƙarfin jan ƙasa kuma, wanda ke sa abu mai nauyi faɗowa, shi ke yin aikin. Wannan ita ce maganar da ya kamata a riƙe, domin da ita ake fahimtar Afar.

A Afar ƙarfi biyu suka haɗu. Daga arewa, bakin farantin Larabawa ya daɗe yana haɗe da ƙasan wani tsohon teku da ya nutse ƙarƙashin Iran da Turkiyya. Nutsewar ta ja Larabawa arewa har suka yi karo da Asiya, aka sami duwatsun Zagros, kuma har yanzu nutsewa na ci gaba a gaɓar Makran da ke kudancin Iran da Fakistan. Daga ƙasa kuma, wani makeken dunƙulen dutse mai zafi yana tasowa ƙarƙashin gabashin Afirka. Ana gane shi ne ta yadda igiyoyin girgizar ƙasa ke rage gudu idan sun ratsa shi. Kusan shekara miliyan 30 da suka wuce kansa ya iso ƙarƙashin Habasha da Yaman, ya amayar da baƙin dutse da ya taru har kaurin kilomita biyu a wasu wurare, ya ɗaga ƙasar ta zama tudu. Shi ya sa Adis Ababa take sama da mita 2,300 daga bakin teku. Tudu irin wannan, saboda nauyin kansa, yana neman bajewa ta kowane gefe, kamar malmalar tuwo mai zafi da aka kife a faifai. Sakamakon shi ne tsaga mai rassa uku da suka haɗu a Afar: Bahar Maliya, Mashigin Adan, da kwarin da ya ratsa Habasha ya nufi Kenya. Reshe na ukun shi ne mai nawa, milimita 5 zuwa 6 a shekara.

Duk da haka lissafi ya ƙi fita. Ƙarfin da waɗannan hanyoyi ke bayarwa bai kai a tsinka farantin nahiya mai sanyi da kauri ba, ya gaza da ninki da yawa. Roger Buck na Jami'ar Kolombiya ya nuna cewa idan narkakken dutse ya shiga lissafin, ƙarfin da ake buƙata yana faɗuwa ƙwarai, saboda ba sai an karya dutsen ta hanyar ja ba. Narkakken dutsen yana shiga tsaga da matsinsa ya buɗe ta, yadda mai faskare ke cusa ƙarfe a tsagar kututturen da gatari ya gagara. Dabbahu ce ta ba da shaidar wannan a fili.

Narkakken dutsen kansa ba daga ƙwallon tsakiya yake zuwa ba. A nan kusa ake yin sa, ta hanyar raguwar matsi. Yawan matsi yana hana dutse narkewa: duk kilomita ɗaya da aka sauka, zafin da ake buƙata don narkar da shi yana ƙaruwa da digiri 3 zuwa 4. Dutsen da ke tasowa kuwa ba ya hucewa sai da kusan rabin digiri a kowace kilomita. Saboda haka akwai zurfin da idan ya iso, zafin da ya zo da shi ya wuce abin da matsin wurin zai iya riƙewa, sai ya fara zufa. A ƙarƙashin tsakiyar teku wannan yana farawa a zurfin kilomita 60 zuwa 70, a Afar ya fi haka zurfi saboda tsokar ta fi zafi. Ba duka yake narkewa ba, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne, yana tsattsafowa tsakanin ƙwayoyin dutse, ya taru, ya hau. Zafinsa kusan digiri 1,200, nauyinsa kilo 2,700 a kowace mita kubik (wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi), na tsokar kuwa 3,300.

Yadda katangar ta shiga

Ɗaruruwan shekaru farantan biyu suna nisantar juna can nesa, amma ɓawon da ke tsakiyar tsagar yana riƙe, yana miƙewa kamar roba. A lokaci guda narkakken dutse yana taruwa a rumbuna: biyu marasa zurfi ƙarƙashin duwatsun Dabbahu da Gabho a arewa, wani mai zurfi a tsakiyar yankin kusa da Ado'Ale. Ranar da matsin rumbu ya haɗu da jan da ya taru suka fi ƙarfin bangon rumbun, sai ya tsage.

Binciken Atalay Ayele na Jami'ar Adis Ababa da abokan aikinsa kan jerin girgizar ya nuna cewa motsin ya tsananta ne a arewa daga 20 ga Satumba, sannan a 24 ga wata ya koma tsakiya, daga nan katangar ta miƙa kudu da arewa. Bakin katanga yana fasa dutse yana tafe, ƙananan girgiza suna bin sa, kuma da su ake gane inda ya kai. Gudunsa bai kai na mai tafiya a ƙafa ba.

Me ya sa ta tafi a kwance maimakon ta fito sama? Domin a zurfin 'yan kilomita nauyin narkakken dutsen ya yi daidai da na ɓawon da ke kewaye da shi, ƙarfin hawansa ya ƙare, alhali a gefe akwai ɓawon da ja ya riga ya gajiyar. Hanya mafi sauƙi ita ce ta gefe. Abin da ya fito a Da'Ure ma ba baƙin dutsen katangar ba ne, farin dutse ne mai yawan silika (sinadarin da ke cikin yashi) da danƙo, wanda ake ganin ya daɗe a wani ƙaramin rumbu kusa da sama, sabon zafin ya tayar da shi.

A doron ƙasa katangar ta bar alama mai tsari. Gefunan biyu sun ɗaga har mita 1.5 suna nisantar juna. Tsirin da ke daidai saman katangar, mai faɗin kilomita biyu zuwa uku, ya rufta da mita 2 zuwa 3 tsakanin karaya biyu masu fuskantar juna. Kawunan Dabbahu da Gabho sun lotsa da mita biyu zuwa uku, alamar rumbunansu sun zube.

Wani abu da masu lura da haɗari ya kamata su riƙe da kyau: idan aka tara ƙarfin dukkan girgizar 163, bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na motsin da aka auna a ƙasa ba. Sauran ya faru shiru. Wanda ya dogara ga girman girgiza kaɗai zai ɗauka ƙaramin abu ne ya faru.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Katanga mai kaurin mita 2 tana daskarewa cikin kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, kuma lokacin yana ninkuwa da murabba'in kauri, wato mai mita 8 za ta ɗauki kusan wata shida. Siririyar katanga da ba ta samu isasshen turi ba takan daskare a hanya ta toshe kanta. Wadda ta daskare kuwa ta zama sabon ɓawo, an ƙara wa duniya faɗi a wannan wuri ke nan, kuma irin wannan jerin katangu, ɗaya a jikin ɗaya, shi ne ginin ƙasan kowane teku.

Awon da kurakuransa

Babban makamin da masani ɗan Birtaniya Tim Wright da abokansa suka yi amfani da shi wajen auna motsin ƙasar shi ne rada ta tauraron Envisat na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, wanda ya daina aiki a 2012. Tauraron yana aiko igiya mai tsawon santimita 5.6, ta bugi ƙasa ta koma. Idan aka ɗauki hoto biyu daga wuri ɗaya a lokuta daban, aka cire ɗaya daga ɗaya, sai a sami zobba masu launi, kowane zobe yana nufin ƙasa ta matso ko ta nisanci tauraron da santimita 2.8. Ana ƙirga zobban daga nesa inda babu motsi, a nufo tsakiya. Hamada ta dace da wannan aiki saboda babu ganyen da zai canza fuskar ƙasa tsakanin hoto da hoto.

Sai dai kusa da katangar motsin ya kai mitoci, zobban suka cushe har ba sa ƙirguwa. Dole aka koma wata dabara, a bi kowane ɗigon hoto a ga nisan da ya gusa, wadda ba ta da kaifi sosai amma tana ɗaukar babban motsi. Tururin ruwa a iska yana jinkirta igiyar ya haifar da kuskuren santimita da dama, abin da bai dami awon mita 8 ba amma yana iya ɓoye kumburin rumbu na shekara guda. Hoto daga fuska ɗaya ba ya bambanta ɗagawa da gusawa gefe, sai an haɗa na lokacin da tauraron ke hawa arewa da na lokacin da yake gangarowa kudu. Kuma a lokacin Envisat sai bayan kwana 35 yake komawa kan turba ɗaya, don haka ba zai faɗi ranar da abu ya faru ba. Na'urorin girgiza ne ke ba da lokaci, a Satumban 2005 kuwa babu su kusa da wurin, sai a Oktoba aka dasa na wucin gadi. Wannan giɓi shi ya sa kwanakin farko, waɗanda suka fi kowanne muhimmanci, su ne aka fi auna su daga nesa.

Kuskure mafi wuyar magani yana cikin fassara. Daga motsin sama ake lissafo abin da ke ƙasa, kuma katanga mai kauri da zurfi tana iya ba da alama kusan iri ɗaya da siririya marar zurfi. Lissafin farko ya ba da kilomita kubik 2.5 na narkakken dutse, wanda ya yi daidai da tsawon kilomita 60, tsayin 7 da matsakaicin kaurin mita 6, fiye da ruwan da madatsar Tiga ke ɗauka idan ta cika. Wasu masu binciken daga baya sun sami 1.5 zuwa 2.

Akwai kuma lissafin da ya ƙi daidaita. Lotsawar Dabbahu da Gabho ta nuna sun rasa kusan rabin kilomita kubik kawai. Ina sauran ya fito? Amsa biyu aka samu, kuma ba sa kore juna. Narkakken dutse mai kumfar iska yana kumbura idan matsi ya ragu, don haka rumbu yana iya fitar da mai yawa ba tare da rufinsa ya lotsa daidai da hakan ba. Sannan ga rumbu na uku a tsakiya, wanda zurfinsa da kuma babban motsin katangar suka ɓoye alamarsa. Abin da ya biyo baya ya tabbatar da shi.

Daga Yuni 2006 zuwa Mayu 2010 an sami ƙarin katangu 13, ƙanana, kowace mita ɗaya zuwa uku a kauri, kilomita goma ko sama da haka a tsawo, dukkansu daga tsakiyar yankin. Uku sun fito sama a matsayin baƙin dutse mai malala: Agusta 2007, Yuni 2009 da Mayu 2010. Yawancinsu sun shiga inda katangar da ta gabata ta ƙara ja, ko inda ta farko ba ta buɗe sosai ba, kamar mai cike giɓi. Wannan yana da amfani a aikace, domin bayan kowace katanga ana iya lissafa wuraren da suka fi kusa da ta gaba. Irin wannan jeri aka gani a dutsen Krafla na Aislan daga 1975 zuwa 1984, kusan sau 20, tara daga ciki da aman wuta. Duk inda aka ga babbar katanga ta farko, a shirya wa shekaru ana bin ta.

Maganar ba ta tsaya a hamada ba. A ɗaya gefen Bahar Maliya, a Harrat Lunayyir da ke arewa maso yammacin Madina, wata katanga ta taso a 2009 ta tsaya kusa da doron ƙasa, ta haddasa dubban girgiza da tsaga mai tsawon kilomita 8, har aka kwashe mazauna Al-Ays. Wutar da ta fito kusa da Madina a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, wadda malaman tarihi suka rubuta labarinta, daga filin baƙin dutse na Harrat Rahat ta fito, kuma zafin ƙarƙashin wannan yanki ne tushenta. A Habasha kuma, ƙarshen 2024 da farkon 2025, wata katanga ta miƙa tsakanin duwatsun Fentale da Dofen kusa da Awash, aka kwashe dubban mutane, a yankin da babbar hanya da layin dogon Adis Ababa zuwa Jibuti suke ratsawa. Ga mai gina hanya, bututu ko madatsa a irin wannan wuri, girgiza ba ita kaɗai ce barazana ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin ginin tana iya buɗewa ko ta sauka da mita ɗaya ko biyu, kuma babu ƙarfen da ke hana wannan, sai dai a guji tsirin tsakiya tun wajen zaɓen wuri.

Ba kowace tsaga ce irin ta Dabbahu ba. A Maris 2018 hotunan wani rami da ya yanke hanyar Mai Mahiu zuwa Narok a Kenya sun cika intanet da taken cewa Afirka ta rabe biyu. Bayan mamakon ruwan sama ramin ya bayyana, a ƙasa mai laushin tokar aman wuta, kuma masana da dama sun danganta shi da ruwan da ya rarake ƙarƙashi. Tambayoyin da ake tantancewa da su sanannu ne: an sami jerin girgiza mai tafiya? Gefuna sun ɗaga, tsakiya ta rufta a faɗin kilomitoci? Bakunan tsagar za su haɗu daidai idan aka mayar da su? Rada ta ga motsi nesa da ramin? A Dabbahu amsar duka e ce.

Shin Afar za ta zama teku? Alamu sun karkata can. Ɓawon da ya haura kilomita 40 a tudun Habasha ya sirance zuwa kusan 25 a kudancin Afar, kusan 15 a arewa, inda kwarin Danakil ya riga ya sauka mita 120 ƙasa da bakin teku. Ruwan Bahar Maliya ya taɓa shiga can ya ƙafe, ya bar gishirin da ake sara har yau, ayarin raƙuma su ɗauka, kamar yadda ayari ke ɗaukar gishirin Bilma. Amma ba kowace tsaga ke kai gaci ba, kuma misalin yana gida. Kwarin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,000 daga gaɓar teku zuwa rassansa na Gongola da Yola, ya buɗe ne sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Amurka ta Kudu ke rabuwa da Afirka. Teku ya shige shi, ya bar farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka da Gboko, da ruwan gishirin Keana da Awe. Sai buɗewar ta tattara a rassan da suka zama Atilantika, Binuwai ya tsaya, daga baya ma aka matse shi duwatsunsa suka nannaɗe.

A Afar jan bai tsaya ba. Santimita 1.6 a shekara yana ba da kilomita 16 a shekara miliyan ɗaya. Yankin Dabbahu ya sauke nauyin ƙarnuka, zai ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya sake tara irinsa, santimita 16 a kowace shekara goma. Yankunan da ke maƙwabtaka da shi ta kudu da arewa ba su sauke nasu a 2005 ba, kuma a kansu ne ya fi dacewa a ajiye na'urorin girgiza da na GPS na dindindin, a kan dutse mai ƙwari, da farantin hasken rana da batirin da zai jure zafin da ke haura digiri 45, da wanda zai riƙa zuwa yana share musu ƙura.